Turken da Muka Kafa a Bakin Gulbi

Idan ruwa ya kwana a gindin ginin ƙasa, ginin ba faɗuwa yake yi ba, durƙusawa yake yi. Na ga haka da idona a daminar 2022. Ɗakin Innata ne ya fara. Gindin bangon ya jiƙe ya yi baƙi, yana ta zubar da marmashi kamar ana murza ƙuli-ƙuli, can wajen asuba muka ji wani irin nishi, azara ta saki, ɗakin ya zauna a inda yake. Ba mu daɗe da fito da ita ba ke nan. Abin da ta riƙo a hannu carbi ne da murfin kwano. Magungunanta, katinta na ɗan ƙasa, 'yan kuɗin adashinta, duk suna ƙarƙashin laka.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a kwarin Haɗejiya, ta wajen ƙasar Auyo a Jihar Jigawa. Shinkafa ce abin nomanmu, sai gero da dawa a 'yan gonakin tudu, sai kamun kifi. Ruwan da ke cin mu kuwa ba na samanmu kaɗai ba ne. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejiya, ya bi ta ƙasar Ringim ya iso mana, ya wuce dausayin Nguru. A kan na farkon akwai madatsar Tiga tun 1974, a kan na biyun akwai ta Challawa tun 1992. Idan marka ta kankama a ƙasar Kano har madatsun suka tumbatsa, ruwan zai gangaro mana ko da mu nan rana ake ƙwallawa. Dattawa suna cewa da can gulbin kan ƙafe da rani har a tsallake shi da ƙafa. Yanzu ruwa ba ya yankewa sosai, ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta cushe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Ruwan da ya rasa hanya kuwa, gari yake nema.

A ambaliyar waccan shekarar ta 2022 sama da mutum 600 ne suka rasu a faɗin Najeriya, fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni, Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Mu Allah ya tsare ba mu binne kowa ba, amma rumbuna sun narke da hatsi a ciki, awaki sun tafi. Bayan ruwa ya janye, masu ɗaukar sunaye suka yi ta zuwa. An rubuta sunana a takarda huɗu daban-daban. Abin da ya iso gidanmu tabarma biyu ne da 'yar masara.

Da sanyi ya shigo, Dagaci ya tara mu a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Ni malamin firamare ne, saboda haka ba a ma yi shawara ba, aka ce wanda ya saba da biro shi ne magatakarda. Zaman farko bai haifar da komai ba. Wani ya ce a rubuta wa gwamnati takarda, wani ya ce an rubuta bara, wani dattijo ya ce abin da Allah ya ƙaddara ba jinga da za ta tare shi, sauran suka yi shiru don ba mai son a ce yana jayayya da ƙaddara. Aka shafa fatiha aka watse.

Liman ne ya buɗe mana ƙofa ranar Juma'ar da ta biyo. Bai ambaci taron ba ko kaɗan. Ƙissar Annabi Nuhu ya karanto, yadda ya sassaƙa jirgi a kan tsandauri mutane na wucewa suna yi masa dariya. Ya koma kan Annabi Yusuf da tanadin hatsi na shekara bakwai. Ya rufe da hadisin mai raƙumi, wanda aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. A zama na biyu dattijon nan shi ya fara magana, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mun ji. To daga ina za a kama?"

Daga ƙasa muka kama. Aka share fili, aka kawo toka, aka zana garin: ga masallaci, ga makaranta, ga rijiya, ga kududdufi, ga gulbi. Kowa ya zo ya nuna inda ruwa ya shigo masa da lokacin da ya shigo. A nan muka gane wani abu da ya ba mu kunya. Dukkanmu mun ɗauka daga gabas, ta bakin gulbi, ruwan ya afka mana. Ashe ta baya ya fara shigowa, ta wani tsohon kwari da aka cike da shara aka yi gidaje a bakinsa. Masunta sun daɗe da sanin haka. Ba wanda ya taɓa tambayarsu ne.

Daga wannan zane aka samo dabarar turke. Sarkin Ruwa ya ce shi ba ya buƙatar rediyo kafin ya san gulbi ya fusata, amma in ya faɗa ba a yarda, sai a ce tsoro ne irin na tsufa. Aka ce to a yi abin da ido zai gani. Muka samo itacen ƙirya mai kauri, muka kafa shi da siminti a mashayar da kowa ke bi. Sanya alama a jikinsa shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Ruwan 2022 ya bar zane a bangon masallaci, kamar an ja layi da gawayi. Wani magini a cikinmu ya kawo siririn tiyon nan mai garai-garai da suke daidaita gini da shi, aka cika shi da ruwa, muka riƙa ɗauko tsayin layin nan gaɓa-gaɓa, daga bango zuwa kara, daga kara zuwa kara, har bakin gulbi. Yini guda cur muka yi, yara na biye da mu suna tsammanin rijiya za a haƙa. Da muka san inda ruwa yake kaiwa a jikin turken kafin ya shiga gida na farko, sai muka sauko ƙasa muka shafa fenti kala uku.

Fari yana nufin a kwashe hatsi da dabbobi zuwa tudu. Ruwan ɗorawa, a fitar da tsofaffi, masu ciki, masu jego, marasa lafiya da yara. Ja, kowa ya fita, sai 'yan sintirin jinga da masu kwalekwale. Muhawarar da aka yi ba a kan launin ba ce, a kan wa zai ce a tashi ne. Aka tsaya a kan cewa Sarkin Ruwa ke dubawa safe da yamma, Dagaci ke ba da umarni, in ba ya gari Liman, in shi ma ba ya nan ladan ya ɗauki lasifika ya faɗa ba tare da jiran kowa ba. Na rubuta wannan a littafi, aka karanta a bainar jama'a, masu unguwanni suka dangwala hannu. Mun yi haka ne da rani, lokacin da hankalin kowa ke kwance, saboda ba a fafe gora ranar tafiya. Mun riga mun ga yadda gardama take da tsakar dare, ruwa na gwiwa.

Turke yana faɗa mana abin da ya iso ne kawai. Don mu san abin da ke tafe, muka nemi idanu a sama da mu. Akwai ɗan garinmu da ke harkar shanu a kasuwar Wudil, da wani direba da ke bin hanyar Ringim kullum. Aikinsu su leƙa ƙarƙashin gada su kira ni. Ruwan da suka gani yau yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso mana, waɗannan kwanakin kuwa su ne dukiyarmu. Ni kuma aka ɗora mini sauraren hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa a farkon shekara, da na hukumar NIHSA mai lissafo ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Suna da amfani, amma hasashen da ya ce ƙaramar hukuma kaza ba zai gaya maka ko zauren gidanka ne ko na maƙwabcinka ba.

Sai maganar jinga, wadda ta kusa raba mu da maƙwabtanmu na tsallake.

Duk wanda ya zauna a kwari ya san ruwan da ka tare ba ɓacewa yake yi ba, wajen wani yake komawa. Muna fara tara ƙasa, labari ya kai tsallake. Ba a yi kwana uku ba sai ga saƙo: in muka ɗaga tamu da kamu ɗaya, za su ɗaga tasu da biyu. Tsakaninmu da su akwai auratayya, akwai kuma tsohon miki, don iyayenmu suna ba da labarin shekarar da aka wayi gari an fasa jingar wani gari da dare, har yau ba a san wanda ya yi ba, kowa kuma ya san wanda yake zargi. Matasanmu suka ce a ci gaba kawai, kowa tasa ta fisshe shi. Dagaci ya ce a'a. Ya sa aka sayo goro, ya ɗauki Liman da Sarkin Noma da ni, muka shiga kwalekwale.

Zama uku aka yi. A na farko gaisuwa ce da zagaye-zagaye. A na biyu aka faɗi maganganu masu zafi, har wani daga cikinsu ya ce, "Ranka ya daɗe, ku faɗa mana gaskiya, ku kuna son ku kwana a busasshe mu mu kwana a ruwa." A na uku ne wani tsohon masunci nasu, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya ce ruwa baƙo ne, in ba ka ba shi masauki ba zai zaɓa da kansa. Aka amince jingar gari biyun ta zama tsayi ɗaya, a auna da tiyon nan a gaban shaidu, sannan a bar wa ruwa ƙofa ta kudu ya bazu a wata fadama da gonakin garuruwan biyu suka haɗu.

A cikin fadamar nan akwai gonar da na gada daga mahaifina. Ina riƙe da biro ina rubuta yarjejeniyar, ina lissafin buhunan shinkafar da nake sa wa hannu su tafi. Ba zan ce na yi farin ciki ba. Na so in yi magana, na duba na ga Sarkin Noma, wanda gonarsa ta ninka tawa a wurin, ya sunkuyar da kai bai ce komai ba, sai na haɗiye. Abin da aka yi mana shi ne asusu: kowane gida zai ba da kwanon hatsi da kaka, a ajiye don rage wa masu gonakin fadamar asara a shekarar da aka buɗe ƙofar.

Aikin jingar kansa gayya aka yi, Asabar da Lahadi, unguwa-unguwa. Mun koyi abubuwa da kuskure. Jingar da aka zuba a kan ciyawa ba ta kama ƙasa, ruwa ta ƙarƙashi yake bi, dole a kankare wurin tukuna. Ƙasa kuma ba a jibga ta gaba ɗaya, shimfiɗa ake yi kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Buhu in aka cika shi taf ba ya kwanciya, sai ya zama kamar kabewa ya bar kafa. A ɗan wuce rabi, a naɗe bakin a ƙarƙashi, a jera kamar bulo, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa biyu, a tattake. A bayan jingar muka dasa jema don saiwarta ta riƙe ƙasa. Babban abokin gabarmu kuwa gafiya ce. Rami ɗaya nata ya isa ya kai gari ƙasa, shi ya sa muka sa yara farautar ramuka, duk wanda ya nuna ɗaya a ba shi alewa. Kachallar mashigin da ke kusa da mu ma mun sare ta da lauje da adda, mutane cikin ruwa har ƙirji, matsattsaku na sha. Wannan aiki ne na inji, hannu ɗan rage zafi kawai yake yi.

Duk wannan tsari maza ne suka zauna suka yi shi, kuma da haka za mu tafi da ba don maiɗakina ba. Ina karanta mata abin da na rubuta, ta ce, "Malam, to in ruwa ya kai ruwan ɗorawa maigida yana kasuwa, matar da ke kulle da izinin wa za ta fita?" Na rasa amsa. Ta ƙara da cewa a 2022 mata da yawa sun ƙi cin abinci a makarantar da muka fake saboda babu wurin kewayawa, sai dare ya yi. Washegari na nemi ungozomar garin da shugabar masu adashi, suka tara mata a gidan Dagaci, ni ina daga zaure ina rubutu. Abin da ya fito daga wannan zama ya fi na zamanmu uku amfani. Liman ya sanar a masallaci cewa kowane magidanci ya ba iyalinsa izini tun yanzu, kuma aka bi gida-gida aka ji daga bakinsu. Aka haƙa masai biyu a tudun makarantar, aka tanadi zana don raba ajin mata da na maza, aka keɓe ofishin hedimasta don masu jego. Su ne kuma suka kawo shawarar leda: kowane ɗaki a rataye leda mai kauri a ƙusa kusa da ƙofa, da katin ɗan ƙasa, takardar gona, katin asibiti, magani, tocila da ashana. Irin shuka kuma a zuba a jarka a toshe, a kai ɗakin ajiya na tudu tun kafin damina ta yi nisa.

Mun yi gwaji sau ɗaya da bazara. Ladan ya yi shela, aka buga ganga, gari ya ɗauka wasa ne. Wata tsohuwa ta fito da tukunyar miyarta a kai tana tambaya ko a can za a ci. Amma a gwajin ne muka gano amalanken shanu ba ya iya juyawa a lungun bayan masallaci, sai da aka roƙi wani ya matsar da danninsa. Mun kuma gano batirin lasifikar ya mutu tun azumi.

Bayan ruwa mun taɓo maganar gobara, amma ba ta ci mana lokaci sosai ba, don kowa ya san maganinta, aiwatarwa ce ke wuya. Da hunturu aka hana jingina kara da zana a jikin ɗakin girki, tarin kara da harawa aka fitar bayan gari da tazara tsakaninsu, kowane gida bokitin yashi a ƙofa. Wanda aka fi fama da shi fetur ne na injin ban ruwa da mutane ke ajiyewa a ɗakin kwana, kusa da kaskon jin ɗumi. Har yanzu akwai masu yi, sai dai a ɓoye.

Daminar 2023 ta wuce, ruwa bai ko taɓa farin fenti sosai ba. Mutane suka fara tsokanata, suna tambaya ko turkena ya yi 'ya'ya.

A watan Agustan 2024 mutumin Wudil ya kira ni da daddare ya ce, "Malam, abin nan fa ya cika, ku shirya." Bayan kwana biyu fari ya nutse. Aka kwashe hatsi, aka kora dabbobi, ba hayaniya. Da ruwa ya taɓa ruwan ɗorawa, da la'asar ne, Dagaci ya tafi ta'aziyya wani gari, Liman ya ce wa ladan ya faɗa. Na tsaya a bakin hanya da littafina ina soke sunan duk wanda ya wuce. Mata suka fito da ledojinsu, wasu mazansu ba sa gari, ba wadda ta tsaya jira.

Kawuna ne ya ƙi. Ya shimfiɗa buzunsa a tsakar ɗaki ya ce nan aka binne cibiyarsa, nan zai jira abin da Allah zai yi. Na durƙusa na ce, "Kawu, don girman Allah ka taso, ka ga yara duk sun tafi." Ya ce in tashi in ba shi wuri. Sarkin Ruwa, wanda taubashinsa ne, ya leƙo ya ce, "Ku ƙyale shi. Zauna abinka, gobe in zo da koma in kwashe ka tare da tarwaɗa, in kai ka kasuwar Haɗejiya. Ko da yake wa zai sayi ƙashi?" Kawu ya miƙe yana zage-zage, yana cewa ba a haifi masuncin da zai kama shi ba, ya bi shi har kan amalanke yana rama wa.

Da muka isa tudu na sake bin littafin, kowa ya cika. Ina shirin rufewa sai wata yarinya 'yar ajina ta ce, "Malam, almajiran tsangaya fa?" Gabana ya faɗi. Lissafin da na yi na gidaje ne, su kuwa ba 'yan gidan kowa ba ne, malaminsu kuma ya yi tafiya. Samari huɗu suka koma da tocila, suka same su a rumfarsu a bakin tsohon kwarin nan, ruwa ya fara lasar tabarminsu, suna ta ɗaga alluna sama. Wannan kuskuren nawa ne, ba na kowa ba.

Daren nan na kwana a kan jinga tare da 'yan sintiri. Abin da masunta suka koya mana shi ne mu riƙa haska bayan jingar: in ruwan da ke tsattsafowa garau yake, da sauƙi, in ya fito da laka to cin jingar yake yi daga ciki, a kawo buhu da gudu. Sau biyu muka ga mai laka. Kafin asuba aka yi magana da mutanen tsallake ta waya, aka buɗe ƙofar kudu. Ina tsaye ina jin ƙarar ruwan yana shiga fadama, shinkafata ta fara fitar da kai.

Ruwa bai kai ja ba. Gidaje kaɗan na bakin kwari ne suka zube. Amma rijiyar tsakiyar gari, wadda muka yi ta cewa za a ɗaga bakinta ba a yi ba, ta sha ruwan masai, yara suka fara gudawa. Ungozoma da ma'aikacin lafiya suka bi ɗaki-ɗaki da ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, aka hana shan komai sai na burtsatsen makaranta. Biyu sai da aka kai su asibiti. Muna cikin wannan jinya ne labarin fashewar madatsar Alau ya zo a rediyo, a watan Satumba, aka ce ruwa ya mamaye Maiduguri da dare. Dattawa suka yi ta tuna fashewar madatsar Bagauda ta ƙasar Kano a 1988. Ba wanda ya sake yi mini maganar 'ya'yan turke.

Asusu ya biya ni abin da bai kai rabin asarata ba. Biyu daga cikin masu gonakin fadamar sun ce ba za su sake yarda ba sai an ƙara kwanon ya zama biyu, mutanen tsallake kuma suna ƙorafin jingarmu ta fi tasu da ɗan yatsa huɗu tun da muka yi mata gyara. Dagaci ya sa ranar zama bayan Sallah, ya ce in zo da littafin da tiyo. An ɗaga bakin rijiyar, na buɗe wa almajirai shafinsu daban. Jiya da na je sabunta fentin na tarar wani ya ɗaure jakinsa a jikin turken, kachallar da muka sare kuwa ta riga ta kawo ƙugu.